Ruwan sha idan ambaliya ta ɓata rijiya

'Yan uwa, ku daina zubar da gorunan roba na ruwa. Ku wanke, ku tara.

Ranar da ambaliya ta gurɓata rijiyoyi, kamar a Maiduguri a 2024 da dam ɗin Alau ya ɓalle, ku cika gora, ku kwantar da ita bisa kwanon rufi, rana ta buge ta awa 6. Haskenta da zafinta ke kashe ƙwayoyin amai da gudawa. Ba itace, ba gawayi.

In gari da hadari, kwana 2.

Ruwa mai laka sai ya kwanta an tace tukuna. Gorar ta zama wadda ake ganin cikinta tas, kada ta wuce lita 2.

Amma in fetur ko maganin feshi ya shiga ruwan, rana ba ta da abin yi.