Yadda za ki gano dalilin da yaronki ke ihu da buga kai

Wannan na iyaye mata ne a ƙauyukanmu, musamman mai yaro mai galahanga (lalurar da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane) ko wanda bakinsa bai buɗe ba. Kafin a ce iska ce ko a ɗauko bulala, ki fara kai shi asibitin garinku a duba kunne da haƙori da ciki, don yaron da ba ya magana in kunne na masa ciwo dukan kansa kawai zai riƙa yi.

In an ce lafiya lau, samo littafin rubutu ki raba shafi gida uku: me ya faru kafin, me ya yi, me kuka yi masa bayan nan. Dan Allah kar ki rubuta "ya yi rashin ji", rubuta "ya buga goshi a bango ina tsaka da daka". Ko da ajami ne, ko yayarsa ta rubuta miki, ki yi kamar sati biyu.

Binciken Brian Iwata da abokan aikinsa a Amurka a 1982 kan yara masu ji wa kansu rauni na cikin abin da ya ƙarfafa neman dalilin irin wannan hali, yanzu masana na kasa dalilan huɗu. Wanda ya fi ruɗar mu shi ne neman kulawa, kin juya baya kina aiki sai ihu, kin yar da taɓarya kin zo kina faɗa, a wurinki horo ne amma shi ya samu abin da yake so tunda kin zo, gobe ma zai ƙara. Akwai gudun abu, kullum sai lokacin wanka ko tafiya makarantar allo, yana birgima sai kaka ta ce a ƙyale mata miji. Akwai neman abu, mai tallan ƙosai ta wuce sai ya hau ihu a saya masa. Na huɗu ko shi kaɗai ne a ɗaki yana yi, jikinsa ne ke jin daɗin abin.

In kin gano, koya masa hanya mai sauƙi ta samun abin, ko taɓa hannunki ko nuni, ki amsa nan take. Da farko ihun zai iya ƙaruwa, mutanen gida duk su bi tsari ɗaya. Amma kar ki tsokano halin da gangan wai gwaji, aikin ƙwararru ne, in yana fasa kai ku tafi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Asibitin Malam Aminu Kano a Kano da littafin a hannu.