Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Haɗa Amfilifaya Mai Bawul

Wanda ya saba da gyaran rediyo mai batir yakan ɗauka amfilifaya mai bawul (bawul shi ne bututun gilashin da ke ƙara ƙarfin sauti) ma haka take, alhali kuwa wutar da ke yawo a cikinta takan kai bolt 300 zuwa 450. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yadda mutane ke cire filogi su cusa hannu nan take. Manyan kafasitocin da ke cikinta, wato kayan da ke tara wuta, suna riƙe ta bayan an kashe, wani lokaci har tsawon mintuna. Ka sauke ta tukuna ta hanyar rezista mai kilo'om 100, wat 5, daga ƙafar kafasita zuwa jikin akwatin ƙarfen, ka auna da mita har ka ga ta yi ƙasa da bolt 10. Kada ka gama ƙafafun da sukudireba, tartsatsin na lalata kafasitar. In kuma za ka yi awo tana kunne, hannu ɗaya ya yi aiki, ɗayan yana aljihu.

Kafin ma a kai nan, duba taransifomar wuta da ta zo cikin kwalin kayan haɗin. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka na bolt 120 ne, mu kuwa wutarmu 230 ce. Wasu taransifomomin suna da naɗi biyu da ake jerawa su ɗauki 230, wasu ba su da shi, sai an nemi mai rage wuta.

Sai ƙirgar ƙafafun soket ɗin da bawul ke zama a kai, inda sabon hannu ya fi faɗuwa. Ana ƙirgawa ne daga ƙasa, wato ɓangaren da kake liƙa waya, ka fara daga giɓin da ke tsakanin ƙafafun ka bi yadda hannun agogo ke tafiya. Wanda ya ƙirga daga sama komai zai juye masa. A bawul 12AX7, in hitarsa, wato zaren da ke ɗumama shi, za ta ci bolt 6.3, ana gama ƙafa ta 4 da ta 5 wuri guda, ɗayar wayar ta tafi ƙafa ta 9. Kafasita mai alamar tarawa da ɗebewa kuwa, in aka juya ta, kumbura take yi ko ta fashe.

Liƙin dalma ma na da nasa. Liƙi mai kyau yana kwanciya sumul, marar kyau yana dunƙulewa kamar ƙwallo. Sababin shi ne ɗora dalmar a kan ƙarfen liƙi maimakon a zafafa waya da ƙafar tare. Irin wannan ne ke kawo ƙaras-ƙaras idan amfilifaya ta ɗau zafi, sai a ɗora wa bawul laifi a sayo sabo a banza. Ƙwanƙwasa kowace mahaɗa da tsinken katako, wadda ta amsa ita ce mai ciwon.

Ranar kunnawar farko, a ganina, ita ce ta fi cancantar haƙuri. Jera ƙwan lantarki mai zare, na wat 60 ko 100, tsakanin filogi da amfilifayar. Ƙwan LED ba ya wannan aikin. In ya yi haske ya dusashe, lafiya; in ya tsaya da haske sosai, akwai inda wayoyi suka gamu, kashe maza. Kuma kada ka taɓa kunna ta babu lasifika. Taransifomar fitar da sauti na bukatar kaya a kanta, om 4 ko 8 ko 16 gwargwadon yadda aka rubuta, in babu sai wuta ta yi tsalle ta ƙone naɗin, ga shi tana cikin kayan da suka fi tsada.

Idan ta kunnu da ihu mai huda kunne, galibi wayar da ke mayar da sauti baya ce ta juye. Musanya wayoyi biyun taransifomar fitar da sauti da ke zuwa farantan bawulolin ƙarfi (faranti shi ne ƙarfen da ake hangowa a cikin bawul), sai ta yi tsit. Gurnani kuwa iri biyu ne. Mai kauri, na has 50 (wato kaɗawa 50 a daƙiƙa), daga wayoyin hita yake ko daga wayar ƙasa da aka liƙa barkatai. Murɗa wayoyin hita tamkar igiya, ka kwantar da su a gefen akwatin nesa da wayar shigar sauti. Wanda ya ɗan fi shi tsini, na has 100, kafasitocin tace wuta ne.

Farantin bawul da ya yi ja kamar garwashi yana nufin wuta ta yi masa yawa. Bawul EL84 ba ya ɗaukar fiye da wat 12. Auna ka lissafa: in rezistar katod, wato wadda ke tsakanin ƙafar katod ta bawul da wayar ƙasa, om 270 ce kuma ka ga bolt 10 a kanta, miliamf 37 ke bi, ka ninka da bolt 290 da ke kan bawul ɗin, kusan wat 11 ke nan, yana cikin iyaka. Amfilifayar Dynaco ST-70, wadda ta fito a 1959 kuma aka riƙa sayar da ita a warwatse don mutum ya haɗa da kansa, an sauƙaƙa wannan awon a cikinta: ka juya maɓallin saiti har mita ta nuna bolt 1.56. Ka bari ta yi kamar minti goma tana kunne kafin ka auna, kuma in da janareta kake aiki, fara auna wutar janaretan kansa.