In an ɗora maka aikin zumunci a al'ummar Bhagnari, ga ta inda za ka kama

Wato akwai wasu mutane a Indiya da ake ce musu Bhagnari, ba su da yawa ko kaɗan, in ka zuba su cikin cunkoson Mumbai ɓacewa za su yi kamar allura a cikin ruwa, amma fa sun riƙe junansu gam. Asalinsu 'yan kasuwa ne mabiya addinin Hindu daga filin Kachhi a Balochistan, yankin da yanzu yake cikin Pakistan, sunan ma daga garin Bhag da kogin Nari ya samo asali, can wajen garin Sibi mai zafin nan na fitar hankali. In ka buga sunan a Google ka ga wasu ƙattin bijimai sun fito maka kar ka rikice, akwai irin shanu da ake kira Bhagnari, su ma daga wannan yanki suke.

Daga can mutanen suka gangaro Karachi suka yi zama, sai rabon ƙasa na 1947 ya zo, aka ɓalle Pakistan daga Indiya, suka tattara ya-nasu-ya-nasu suka nufi Bombay, garin da aka mayar wa suna Mumbai a 1995. Jagoransu Takandas Kataria shi ya tsaya tsayin daka har aka samu rukunin gidaje na Kataria Colony a wajen unguwar Shivaji Park da ke Mumbai, inda iyalai da yawa suka sake zama maƙwabtan juna kamar da. Suna da majalisarsu, Shree Bhagnari Panchayat. To yau kuma 'ya'ya da jikoki sun watsu, wasu na Dubai, wasu Amurka, wasu Ingila, wasu suna nan Mumbai ɗin amma sun bar unguwar.

To ka ɗauka kai ne matashin da dattawa suka kalla suka ce kai ka iya kwamfuta, riƙe mana wannan aiki na labaran 'yan'uwa da taimakon juna. Ga yadda nake ganin za ka yi ba tare da ka jawo wa kanka baƙin jini ba.

Kar ka fara da kuɗi. Kowa da kuɗi yake son farawa, a buɗe asusu, a sa lambar UPI, wato hanyar tura kuɗi ta waya a Indiya, a yi ta turo rupi, amma in ba ka san su wane ne mutanenka ba to kuɗin wajen masu baki za su tafi, wanda ya fi kowa iya kuka shi zai kwashe. Fara da rajista. Gida-gida, ba mutum-mutum ba: sunan gida, waye babba, su wa suke Mumbai, su wa suke waje, tsofaffi nawa ne, waye yake zaune shi kaɗai. Wannan na ƙarshen shi ne ainihin abin da kake nema, sauran duk rakiya ne. Domin matsalar al'umma irin wannan ba wai babu masu hali ba ne, akwai su, matsalar ita ce tsohuwar da take hawa na uku a gini, 'ya'yanta biyu suna Dubai ɗaya yana Amurka, kuɗi na shigo mata duk wata amma ba mai raka ta asibiti, in damina ta sauka daga Yuni zuwa Satumba titi ya cika da ruwa sai ta yi kwana huɗu ba ta ga fuskar kowa ba sai mai kawo madara. Ita ba za ta taɓa rubuto maka takardar neman taimako ba, ai a ganinta ba ta rasa komai ba.

Kuma rajistar nan da ƙafa ake yin ta. Fom na intanet zai kawo maka matasa, tsofaffi kuwa sai ka hau bene ka ƙwanƙwasa ƙofa, ka cire takalmi, ka zauna a ba ka shayi, ka sha tambaya kai ɗan gidan waye, kakanka wane ne, a Karachi ina gidanku yake. Kar ka yi gaggawa, a cikin wannan hirar ne za ka ji cewa gwiwa ta hana ta sauka, ko maganin sukari ya yi tsada. Ka nemi izini kafin ka rubuta lambar wayar kowa, kuma takardar da ke ɗauke da ciwon mutane da halin aljihunsu ba ta shiga guruf ɗin WhatsApp, mutum biyu ko uku kawai su san inda take.

Sai batun yabo, wanda mutane suke ɗauka wasa ne alhali nan ne ake yawan ɓata zumunci. A Maharashtra, jihar da Mumbai take ciki, sakamakon aji 10 da ake kira SSC da na aji 12 da ake kira HSC yana fitowa ne wajen Mayu zuwa Yuni, ga kuma masu rubuta wasu jarrabawar na daban, CBSE da ICSE, to lokacin ne wayarka za ta fara ƙara, kowace uwa tana turo hoton sakamako. In ka ce sai wanda ya haura kashi 90 za a buga sunansa, ka gama raba gidaje biyu. Ni dai shawarata a sa duk wanda ya ci, a jera da baƙaƙen suna ba da yawan maki ba, wanda ya yi fice a ƙara masa layi ɗaya, shi ke nan. Yaron da ya faɗi bara ya sake zama bana ya haye, wallahi shi ya fi kowa bukatar ya ga sunansa.

Kuma kar ka taƙaita nasara ga likita da injiniya da wanda ya ci jarrabawar akanta ta CA, duk da ita ma ba ƙaramin aiki ba ce. Matar da ta fara sayar da abinci daga kicin ɗinta har ta ɗauki ma'aikata biyu, dattijon da ya yi shekara 30 yana kula da lissafin ginin da suke ciki ba a taɓa ba shi ko kwabo ba, yarinyar da ta wakilci makarantarta a wasan kurket, ma'auratan da suka cika shekara 50 tare, duk labari ne. Abu ɗaya dai, tabbatar kafin ka buga. Kaka za ta ce maka jikanta ya zama babban manaja a bankin Dubai, ka kira yaron ya ce a'a kawu, watana uku da fara aiki. Ka tambayi mai labarin da kansa, ka tambaye shi ko yana so a sa hotonsa, wasu ba sa so, musamman wanda bai gama zama daram a wajen aiki ba.

Ga wani sirri da ba kowa yake lura da shi ba: jerin yabon nan shi ne yake nuna maka inda rami yake. Yaron da ka san yana aji 12 bana amma ba a turo komai ba, yarinyar da ta ci da kyau amma watan Agusta ya zo ba ka ji wace kwaleji ta shiga ba, to a nan za ka ɗaga waya a hankali, ba don ka yi tambayar ƙwaƙwaf ba, gaisuwa kawai. Sau da yawa kuɗin makaranta ne ya tsaya, uban kuma ya gwammace ya mutu da ya faɗa a gaban mutanen da suka san kakansa. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, haka ma ciwon ɗan ƙaramar al'umma, kowa ya san kowa, shi ya sa kunya ta fi yawa.

To yanzu mu zo kan kuɗin. A nan sai ka nutsu don Indiya ba ta wasa da takardu. Kar ka taɓa karɓar gudummawa a asusunka na kanka ko da na kwana ɗaya ne, ko da kai waliyyi ne wata rana sai an yi maganar. In majalisa tana da ƙungiyar amintattu mai rajista, yi aiki a ƙarƙashinta, kar ka ƙirƙiro sabuwa don kawai a ce kai ne shugaba. A Maharashtra irin waɗannan ƙungiyoyi suna ƙarƙashin dokar amintattu ta 1950 da ofishin Charity Commissioner mai sa ido kan ƙungiyoyin agaji, ana kai musu lissafi duk shekara. Akwai kuma rajistar haraji da kowa yake kira 80G, wadda take ba mai bayarwa damar rage haraji, amma ka gaya wa mutane gaskiya tun farko: kuɗin hannu da ya wuce rupi 2,000 ba ya samun wannan rangwame, sai ta banki ko cak ko UPI, kuma wanda ya zaɓi sabon tsarin haraji ba ya cin moriyarta. Kowace gudummawa a ba ta rasit, a rubuta lambar PAN, wato lambar haraji, ta mai bayarwa.

Inda aka fi zamewa shi ne kuɗin 'yan'uwa na waje. Akwai doka mai suna FCRA ta 2010 kan gudummawa daga ƙetare, kuma abin da take dubawa fasfo ne ba jini ba. Ɗan'uwanku da ke Dubai yana riƙe da fasfo ɗin Indiya, kuɗinsa na halak da ya turo ba a lissafa shi a na baƙo. Amma ƙanwarsa da ta karɓi takardar zama 'yar ƙasar Amurka, ko da tana da katin OCI da ake ba 'yan asalin Indiya masu fasfo ɗin wata ƙasa, ko da a Kataria Colony aka yanke mata cibiya, a idon doka kuɗinta na waje ne, ƙungiya ba ta da ikon karɓa sai tana da rajista ko izini na FCRA, kuma tun gyaran 2020 irin wannan kuɗi sai ta asusu na musamman a babban reshen State Bank of India da ke New Delhi yake shigowa. Saboda haka kafin ka aika lambar asusu cikin zumuɗi, tambayi mutum wane fasfo ke hannunsa, sannan ka zauna da akantan ƙungiya. Na san tambayar tana da nauyi a baki, amma gara nauyin baki da a rufe muku asusu.

Wajen rabawa kuwa, biya kai tsaye. Kuɗin makaranta a tura wa makaranta, na asibiti a tura wa asibiti, na magani a daidaita da kantin magani. Ba wai don ana zargin kowa ba, sai don gidan da ke cikin matsi in kuɗi ya shigo hannu bashin jiya ne zai fara cinye shi. Mutum uku su sa hannu a kan kowace buƙata, in mai neman ɗan'uwan ɗayansu ne na kusa to ya tashi ya ba da wuri, ko da yake a al'umma irin wannan in aka bi salsala kowa ɗan'uwan kowa ne, sai dai a ce na ɗaki ɗaya. A rahoton shekara ka rubuta an biya wa ɗalibai kaza, an taimaka wa marasa lafiya kaza, jimla lakh kaza, lakh ɗaya dai rupi 100,000 ne. Suna kuwa babu. Kuma don Allah kar a kira yaro kan dandamali ranar Diwali, babban bikin mabiya Hindu, a miƙa masa ambulan ana ɗaukar hoto, in kyautar yabo ce to, in taimako ne a yi shi a ɓoye. Wasu masu bayarwa za su so a ga hannunsu, ka ba su wuri a wani abin, su ɗauki nauyin abincin taro ko gyaran zaure a rubuta sunansu da manyan baƙaƙe, kowa ya huta.

Ba duk taimako ne kuɗi ba, wani lokacin ma kuɗin ne mafi sauƙi. Yi jerin masu jini da rukuninsu, yi jerin matasan da za su iya kwana a asibiti da tsoho, da wanda ya san yadda ake cike takardun inshorar lafiya, da lauyan da zai duba takardar gida kyauta in maganar rushe tsohon gini a sake sabo ta taso, abin da ya zama ruwan dare a Mumbai kuma tsofaffi suke sa hannu a kan abin da ba su karanta ba. Wanda ya sauka Dubai neman aiki a haɗa shi da mutum ɗaya da zai ɗauki wayarsa, ba guruf mai mutum 200 da kowa zai turo masa fatan alheri a watse ba.

Guruf ɗin WhatsApp kuwa raba shi biyu, ɗaya na sanarwa wanda mutum kaɗan ne suke iya rubutu, rasuwa da haihuwa da aure da neman jini, ɗayan kuma a bar wa masu barka da safiya da furanni. Siyasa a hana ta duka biyun. In za ku yi taro ta bidiyo ka tuna Indiya tana gaban Dubai da awa ɗaya da rabi, na Amurka kuma dare ne a wajensu in ku kuna rana, yammacin Lahadi a agogon Indiya ya fi dama-dama.

Akwai aikin da ba zai jira ka ba, shi ne harshe. Bhagnari suna da yarensu, ya fi kusa da Saraiki, wani yare na Pakistan, duk da sau da yawa ana haɗa su da mutanen Sindhi a lissafi, kuma yaran yanzu Hindi da Turanci suka fi yi. Wanda aka haifa a Karachi kafin 1947 yau ya doshi 80 ko ya wuce. Saboda haka duk gidan da ka shiga don rajista, in an yarda, ajiye waya a kan tebur ka danna rikodin. Kar ka ce ba ni tarihi, za ta ce ba ta san komai ba. Tambaye ta me ake dafawa ranar biki a gidansu, wace waƙa ake yi wa amarya, da me suka fito daga Karachi a hannu, yaya ake zagin yaro mai ƙiriniya da yaren. Bar ta ta yi da harshenta ko da ba ka gane rabi ba, daga baya ka nemi wanda zai fassara. Rubuta suna da kwanan wata a jikin fayil ɗin a ranar, ka ajiye kwafi a wuri biyu, ka tura wa jikokinta ɗaya, sannan ka ba wani mutum na biyu a kwamiti lambar sirrin inda ka adana komai, don kai ma ba ka san ranar da takardar aikin Dubai za ta fito maka ba.