Iyaye mata, ku riƙa duba bayan 'ya'yanku

Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai karkacewar ƙashin baya da ke fito wa yara tsakanin shekara 10 zuwa 15, lokacin da suke tsawo da sauri. Yawanci ba ta ciwo, shi ya sa ake makara. Ta fi tsananta ga 'yan mata, ga kuma hijabi ya rufe komai.

Dubawar ba ta cin ko sisi. Ki ja yarinya ɗaki, ta cire riga, ta haɗe ƙafafu ta sunkuya kamar mai ruku'u, hannaye na reto. Ki tsaya ta bayanta. Idan haƙarƙarin gefe ɗaya ya yi tudu, ko a tsaye kafaɗa ɗaya ta ɗara ɗaya, ko ƙugu ya karkata, a je asibiti a ɗauki hoto. Da hoton likita ke auna karkatar. In karkatar ƙarama ce, sai a riƙa bibiya. Daga digiri 25 zuwa 40, in yarinya na kan girma, ana sa mata rigar roba mai tauri don kada ta ƙaru. Ta kai wajen 50, ana maganar tiyata. Mu nan Kano, Asibitin Ƙashi na Dala ne wurin zuwa.

Ba ɗaukar tulu ko farantin talla ke jawo ta ba, ba kuma jifa ba ne, a daina zargin kishiya. Mai ɗori aikinsa karaya ne, amma nan ba abin da ya karye, kada a bari ya danne ta.

Doron da ya zo da ciwon baya, zufar dare da rama kuwa daban ne. Yana iya zama tarin fuka ne ya kama ƙashi. Wannan kada a ce sai an sayar da amfanin gona, maganinsa kyauta ne a asibitin gwamnati.