Yadda Ake Zana Hasken Rana da Inuwa Su Fito Kamar Gaske

Yawan zuba ruwan ɗorawa ba ya sa rana ta fito a zane. Abin da ke sa mai kallo ya ji zafinta shi ne tazarar da ke tsakanin haske da duhu. Mu gwada da tulu guda a tsakar gida.

Ka ajiye tulun a rana da hantsi ko bayan la'asar. Tsakar rana ba ta yi wa mai koyo daɗi, don inuwa kan maƙale a gindin abu. Kafin ka taɓa fenti, zagaye inuwar da fensir. Rana na matsawa kusan digiri 15 kowace awa, inuwa kuwa ba ta jiran kowa.

Sai ka gauraya fari da baƙi ka fitar da matakai biyar, daga fari fat zuwa baƙi ƙirin. Ma'aunin Munsell, wanda ake auna haske da duhun launi da shi, ya tashi daga 0 zuwa 10, amma biyar sun ishe ka.

Yanzu ƙanƙance ido ka dubi tulun. Ƙananan abubuwa za su ɓace, a bar ka da gida biyu: inda rana ta buga da inda ba ta kai ba. Matakai biyu masu haske na gidan rana ne, sauran na inuwa, kuma kada su shiga gonar juna. Wurin da ya fi haske a cikin inuwa tilas ya fi kowane wuri da ke rana duhu. Nan masu koyo ke tuntuɓe. Sukan hango ɗan hasken da ƙasa ke mayarwa a jikin tulun ta gefen inuwa, su dangwalo fari su shafa, sai tulu ya baje kamar faifai.

Inuwar da ta kwanta a ƙasa ta fi duhu da kaifin baki daf da gindin tulu, tana nisa tana sassautawa. Kada ka yi ta da baƙi zalla. Sararin samaniya na zuba mata shuɗi, don haka ka sa ɗan shuɗi a cikin launin ƙasar. Idan lokacin hazo ne, rage tazarar haske da duhu, ka tausasa bakin inuwar.

Haske mafi ƙarfi shi ne na ƙarshe, ɗan taɓi a kafaɗar tulu. Tulun yumɓu ba ya sheƙi kamar tangaran, saboda haka kada ya kai fari fat.

In ka gama, ɗauki hoton zanen da waya ka mayar da shi baƙi da fari. Idan har yanzu ana gane ta inda rana ta fito, sai ka wanke buroshi.