Yadda Ake Tsara Hanyar Zagayen Bishiyoyi a Lambun Shaƙatawa na Birni

Hanyar zagayen bishiyoyi hanya ce ta ƙafa da mazauna gari ke tsarawa a cikin lambun shaƙatawa, inda mai tafiya zai bi ta gaban zaɓaɓɓun bishiyoyi ɗaya bayan ɗaya, yana karanta sunan kowace da abin da ya bambanta ta da sauran. Kafin a kafa ko da turke ɗaya, wajibi ne a samu amincewar hukumar da ke kula da lambun a rubuce, tare da bayanin irin allunan da ta yarda a saka.

Bayan izini sai ƙidaya. Mutum biyu ko uku su zagaya lambun da littafi, tef ɗin awo da wayar hannu, su ba kowace bishiya lamba, su ɗauki hoton ganyenta da ɓawonta, da fure ko 'ya'ya idan akwai. Ana auna kaurin bishiya ne a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, wato daidai ƙirjin babban mutum, kamar yadda ma'aikatan gandun daji ke yi a ƙasashe da yawa, kuma idan aka raba tsawon zagayen da 3.14 za a samu faɗin gangar jikin. Tsayi kuwa inuwa ta wadatar: a kafa sanda mai tsawon mita 1 a fili shimfiɗaɗɗe, a auna inuwarta da ta bishiyar a lokaci guda, sannan a raba ta bishiyar da ta sandar.

Tantance suna shi ne wurin da ya fi cancantar a ɓata lokaci a kansa, domin allon da ke ɗauke da sunan da ba daidai ba zai shafe shekaru yana koyar da yara kuskure ba tare da kowa ya ankara ba. Manhajoji irin su Pl@ntNet da iNaturalist suna taimakawa, amma hasashe suke bayarwa daga hoto, don haka kada a rubuta komai a allo sai masanin tsirrai ko jami'in gandun daji ya tsaya gaban bishiyar ya tabbatar. A haɗa sunan da jama'a suka sani da sunan kimiyya mai kalmomi biyu, tsarin da masanin tsirrai Carl Linnaeus ya daidaita a shekarar 1753. Amfaninsa a fili yake: bishiyar da wani ke kira darbejiya, wani dogon yaro, wani maina, sunanta na kimiyya ɗaya ne, Azadirachta indica. Sai dai shi ma sunan kimiyyar ba tarihi ba ne, don ga tsamiya ana kiranta Tamarindus indica, inda kalmar indica ke nufin ta Indiya, alhali masana da yawa na ganin Afirka ce asalinta, ba Indiya ba.

Ba kowace bishiya ce za ta shiga zagayen ba. A ganina goma sha biyu zuwa ashirin sun isa, a kan hanyar da ba ta wuce kilomita ɗaya da rabi ba, wadda za ta dawo da mutum inda ya fara. A fifita waɗanda ke da abin da ido zai gani da kansa, kamar gawo da ke zubar da ganye da damina ya sake tohowa da rani, saɓanin sauran bishiyoyi. Wadda ke da busassun rassa a sama, ko babban kogo, ko naman kaza a gindinta, a kauce mata har sai ƙwararre ya duba lafiyarta.

Wajen shata hanyar, saiwoyi ne abin lura. Yawancinsu suna cikin santimita 60 na saman ƙasa, kuma sukan bazu har su zarce iyakar rassa. Idan ƙafafu suka yawaita a gindin bishiya, ƙasar takan danne ta taurare, iska da ruwa su kasa ratsawa, bishiyar kuma ta riƙa ramewa a hankali, sai bayan shekaru a ga illar. Ƙa'idar da ake bi a Birtaniya wajen gine-gine tana da amfani a nan: a kare fili daga gindin bishiya zuwa nisan da ya ninka faɗin gangar jikinta sau 12, wato mita 6 ga bishiya mai faɗin santimita 50. Saboda haka a bi hanyoyin da ke akwai tun farko, kada a yi tono a cikin wannan da'irar, kuma inda dole jama'a su matso, a shimfiɗa ɓarzajjen itace ba tare da ya taɓa jikin bishiyar ba. Domin masu keken guragu da tsofaffi, gangara kada ta wuce hawan mita 1 a cikin kowace mita 20.

Kada a taɓa ɗaure allo da waya ko igiya a zagaye jikin bishiya. A ƙarƙashin ɓawo akwai siririn sashe mai rai da ke kai abinci daga ganye zuwa saiwoyi, kuma tun da jikin yana ƙara kauri kowace shekara, wayar za ta nutse ta shaƙe shi. Gajeren turke a bakin hanya ya fi. Rubutun ya zama taƙaitacce da manyan haruffa: lamba, sunaye biyu, asalin bishiyar, da jimla ɗaya da ke nuna wa mai karatu abin da zai duba, misali siffar ganye ko tsagar ɓawo. Ƙarin bayani a bar shi ga lambar QR, wato alamar da ake haskawa da kyamarar wayar hannu ta buɗe shafin bayani.

Kafin a buga taswira, a sa dattijo ɗaya da yaro ɗaya waɗanda ba su cikin aikin su bi zagayen ba tare da jagora ba, duk inda suka yi jinkiri ko suka ɓace a gyara. Daga nan a naɗa masu duba alluna sau biyu a shekara, a riƙa sake awon kauri ana rubutawa a littafi ɗaya. Idan wata bishiya ta faɗi, kada a sauya lambobin sauran, a bar lambarta ga wadda za a dasa a gurbinta.