Darasi na Tara: Ziyarar Kaulaha, Hanya da Inshora da Masauki

Kaulaha gari ne a ƙasar Senegal, a bakin kogin Salum, kimanin kilomita 190 daga Dakar. A unguwar Madina Baye ta wannan gari ne babban masallaci da kabarin Shehu Ibrahim Inyass suke, wanda aka haifa a 1900, ya rasu a Landan a 1975. Tun haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero wajen aikin Hajji a 1937 zumunci ya ƙullu tsakanin Kaulaha da ƙasar Hausa. Shi ya sa duk watan Rabi'ul Awwal ayari-ayari ke tashi daga Kano, Zariya, Damagaram, Kumasi da sauran wurare domin Maulidi, wanda mutanen can ke kira Gamu. Yawancin wahalar da maziyarta ke sha a wannan tafiya daga gida take farawa, wato daga abin da ba a shirya ba kafin a ɗauki jaka.

Takardu

Ɗan Najeriya ko ɗan Ghana ba ya bukatar biza don shiga Senegal, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar zama har kwana 90. Amma fasfo, ko takardar tafiya ta ECOWAS, dole ne. Duba ranar ƙarewarsa tun da wuri. Idan saura ƙasa da wata shida, sabunta shi. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, don haka duk wanda zai ratsa su, ko ya fito daga cikinsu, ya tambayi ofishin shige da fice halin da ake ciki a makon da zai tashi, kada ya dogara da labarin bara.

Sai katin rigakafin cutar shawara, mai launin ɗorawa. Allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, amma sau ɗaya ake yin ta a rayuwa. Wanda ya sayi kati a tasha ba tare da an yi masa allura ba ya cuci kansa sau biyu: ana iya gane jabu ne a kan iyaka, kuma jikinsa ba shi da kariya.

Yi kwafi uku na fasfo da katin. Ɗaya a gida wurin iyali, ɗaya a jakar kaya, ɗaya wurin shugaban ayari. Na asalin kuma a 'yar jakar wuya, a ƙarƙashin riga, cikin leda saboda gumi da ruwan sama.

Jirgi ko mota

Mai jirgi zai sauka a filin Blaise Diagne da ke Jas, kusa da Dakar, sannan ya shiga mota zuwa Kaulaha. Ya mayar da agogonsa baya da awa ɗaya, domin Najeriya da Nijar suna gaban Senegal da awa guda. Mutane kan rikice da lokacin jirgin dawowa saboda wannan.

Hanyar mota da aka saba bi ita ce ta Maraɗi, Yamai, Wagadugu, Bobo, Bamako, Kayes, a tsallaka iyaka a Kidira, a bi ta Tambakunda a faɗa Kaulaha. Ta fi arha, amma tana cin kwanaki, kuma yau tana ratsa yankunan da masu ɗauke da makamai ke tare hanya, musamman tsakanin Yamai da Wagadugu da kuma yammacin Mali, inda aka ƙona tankokin mai a 2025. A ganinmu, wanda kuɗinsa bai kai na jirgi ba gara ya jinkirta zuwa baɗi da ya jefa kansa a hanyar da ba a tabbatar da ita ba. Ziyara ba farilla ba ce.

Idan an yanke shawarar bin mota, kafin ka biya ka tambayi mai ayari: direbobi nawa ne? Direba ɗaya ba ya iya wannan tafiya, gyangyaɗi zai kama shi. A ina ake kwana? Ayarin kirki ba ya tafiyar dare. Ina takardar sunayen fasinjoji? Ka kuma duba tayoyi da idonka, har da safaya. Kada ka karɓi saƙon da ba ka ga cikinsa ba, ko da daga ɗan unguwarku ne. Abin da jami'an kwastan suka samu a jakarka, naka ne.

Inshora iri biyu ce, kada a haɗa su

Ta farko ta mota ce, wadda ake kira katin ECOWAS mai ruwan ƙasa. Direba ke riƙe ta. Aikinta biyan ɓarnar da motar ta yi wa wasu a wata ƙasa. Ba ruwanta da zazzaɓinka ko jakarka da ta ɓace. Idan mai ayari ya ce "ai muna da inshora", galibi wannan yake nufi.

Ta biyu ita ce inshorar tafiya, wadda kai za ka yanka wa kanka na adadin kwanakin da za ka yi. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba, akwai takaful, mai bin tsarin Musulunci na taimakekeniya. A Najeriya hukumar NAICOM ke ba kamfanonin nan lasisi. Tabbatar kamfanin yana da shi. Inshorar lafiya ta wurin aiki a gida take tsayawa, ba ta bin ka Senegal.

Kafin ka sa hannu, sa a karanta maka takardar da Hausa, ka nemi amsar waɗannan. Shin sunan Senegal yana ciki, da duk ƙasashen da za ka ratsa? Har nawa za su biya na asibiti? Za su dawo da marar lafiya gida? Idan rai ya yi halinsa, me suka ɗauka? Sai kuma abin da ya fi muhimmanci, wato abubuwan da ba sa biya. Yawanci ba sa ɗaukar tsohon ciwo kamar hawan jini da ciwon suga sai in an faɗa tun farko an amince. Ba sa ɗaukar abin da ya faru saboda yaƙi ko harin ta'addanci. Wasu ba sa biyan wanda ya faɗi a kan babur ba hular kwano, alhali Kaulaha garin 'yan acaɓa ne, waɗanda can ake kira jakarta.

Abin da ya fi hana mutane samun kuɗinsu shi ne rashin kira da rashin rasit. A jikin takardar akwai lambar waya mai aiki dare da rana. Kira ta kafin a kwantar da kai, ko abokin tafiya ya kira. Ajiye kowane rasit na magani da takardar likita. Idan sata ce, je ofishin 'yan sanda a ranar ka karɓi takardar rahoto. Lambar 'yan sanda a Senegal 17 ce, ta 'yan kwana-kwana 18.

Masauki

Mutanen Madina Baye sun shahara da saukar baƙi. A lokacin Gamu gidaje na cika maƙil, ana kwana a ɗaki da tsakar gida da soro. Wannan shi ne masauki mafi sauƙi, amma ta hannun muƙaddami ko zawiyarku ake samunsa, kuma tun kafin a tashi ake sanar da yawan maza da mata. Ba a biyan haya, sai dai mutunci ya sa a kai tsaraba ko a sa hannu a cefane. Tafi da tabarma, buta, tocila da gidan sauro. A 'yan shekarun nan Maulidi na faɗowa cikin damina, sauro kuwa ba ya tambayar daga ina baƙo ya zo.

Wasu kan haɗa kuɗi su kama ɗaki na kwanaki, wasu su sauka a ƙaramin otal a cikin gari. Farashi na tashi idan taro ya matso. Kada ka aika wa dillalin da ba ka sani ba kuɗi gaba ɗaya. In ka isa, shiga ɗakin kafin ka biya: murɗa famfo ka gani ko da ruwa, gwada sakata, duba tagar ko da raga, leƙa banɗaki. Ka tambaya kuɗin na ɗaki ne ko na kowane kai, a rubuta a takarda. Soket ɗin can mai rami biyu zagayayyu ne, cajar Najeriya mai ƙafa uku ba ta shiga, sai da adafta. Rubuta sunan mai masaukinka da lambarsa a takarda ka sa wa kowane dattijo da yaro a aljihu, domin a daren Gamu cunkoso kan raba mutum da 'yan uwansa, waya kuma ta ƙi shiga.

Sha ruwan roba ko dafaffe. In gudawa ta kama wani, a haɗa ruwa mai tsabta lita 1, sukari ƙaramin cokali 6, gishiri rabin ƙaramin cokali, ya yi ta kurɓa har a kai shi asibiti.

Kuɗi

Sefa ake kashewa, irin ta Nijar da Mali da Burkina. Ta Kamaru da Chadi daban ce, sai an canja. Yi canji tun a gida, ka nemi ƙananan takardu na 500 da 1,000 da 2,000, don masu jakarta ba su cika samun canjin 10,000 ba. Raba kuɗin gida uku, na komawa kuma kada a taɓa shi. Wolofawa na ƙirga kuɗi da biyar-biyar, kamar yadda mutanen Nijar ke yi da dala. Idan mai kaya ta ce "temer", wato ɗari, sefa 500 take nufi. In ka rikice, miƙa mata waya ta rubuta adadin.

Aikin aji

Mutum 6 sun kama ɗaki a kan sefa 15,000 kowane dare, za su kwana 4. Nawa ne jimla, kuma nawa kowa zai bayar? Bayan haka, kowa ya rubuta a katin da zai shiga aljihu: cikakken sunansa, garinsu, sunan shugaban ayarinsu, da maganin da yake sha kullum.